Gishirin da Na Rage wa Wasiƙar Gwaggo

Gwaggo ba ta taɓa jiran mutum na minti biyar ba, sai dai shekara guda. Idan ta aike ni sayen daddawa na ɗan tsaya kallon teloli a bakin titi, ina dawowa za ta ce tun ina goye take zaman jirana, har wata sabuwar furfura ta fito mata. Idan aka yi ruwa a Unguwar Kanawa, a bakinta ba a taɓa yin irinsa ba tun ruwan ɗufana. Shekarar da aka mai da tuƙin mota hannun dama ta je tashar Kawo, ta dawo ta ce mana ranar ko kaji sun rasa ta inda za su tsallaka titi, sun taru a gefe suna shawara. Muka yi ta dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ci gaba da kwance ƙullin goronta.

Yayar babana ce. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara uku, ita ta goya shi, ita ta kai shi makarantar elementare a ƙauyensu na ƙasar Kano, tana riƙe da hannunsa yana kuka. Da ya sami aikin gwamnati a Kaduna, ita kuma mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye, sai ya je ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke kusa da bishiyar dalbejiya. Akawu take ce masa, ko bayan da ya wuce akawu ya sami ofis nasa da mai buga masa tafireta. Shi kuma Yaya yake ce mata. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka su biyun Uwata suke kirana.

Kitso ne sana'arta. Matan ma'aikata daga unguwarmu har Kawo suna zuwa wurinta, wasu don iya hannunta, wasu kuwa na tabbata don bakinta suke zuwa. Mace za ta zauna a tabarma, Gwaggo na kan kujera 'yar tsugunno, tsinke a hannu, man shanu a murfin gwangwani, kafin a gama shuku an kai mutum Kano an dawo da shi. Ni ranar Asabar ce tawa. Ina sa kaina tsakanin gwiwoyinta, ƙamshin goro da na man shanu ya rufe ni, sai labari ya fara zubo mini ta sama. Ta ja gashi da ƙarfi in yi ƙara, ta ce ihun nan nawa ya tashi matattun Zariya. Har yau, da nake da jikoki, idan wata ta taɓa kaina da tsinken kitso sai na ji kewarta ta taso mini.

Ina aji ɗaya a sakandaren 'yan mata aka ba mu aikin rubuta labarin wata tafiya da Turanci. Malamar tamu 'yar Indiya ce, siririya, mai jan biro a maƙale a gefen littafin rajista. Na zaɓi tafiyar da muka yi da Gwaggo Katabu barkar haihuwa. Na zauna na zuba shi kamar yadda na ji ta tana ba matan kitso: mutanen da aka cusa a motarmu sun fi ɗari biyu, hanya ta yi nisa har yunwa ta kama mu sau uku, mangwaron Katabu kuwa ɗaya sai yaro ya rungume shi da hannu biyu. Na miƙa littafina ina jin babu na biyuna a ajin.

Da littafin ya dawo, an ja jan layi a ƙarƙashin jimloli uku, a gefe kuma an rubuta kalma ɗaya doguwa wadda ban taɓa gani ba: exaggeration. Malama ta tsai da ni a gaban aji ta tambaye ni mutum nawa ne a motar. Na ce ban ƙirga ba. Ta ce in kimanta. Na ce za su kai goma sha huɗu. Ta tambayi mil nawa ne daga Kawo zuwa Katabu, wata yarinya da gidansu ke can ta ɗaga hannu ta ce ko rake ɗaya ba a gama sha kafin a isa. Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta kalmar a allo, ta sa muka maimaita ta gaɓa-gaɓa, ta ce ma'anarta a faɗi abu ya fi yadda yake girma, ko yawa, ko muni. Ta ce mai ilimi yana faɗin abin da ya gani daidai yadda ya gan shi, wanda kuma ya saba ƙari, ranar da ya faɗi gaskiya ba mai saye.

Na koma gida fuskata a murtuke. Da Baba ya dawo daga ofis ya ci abinci, na kai masa littafin. Ya ɗauko ƙamus ɗinsa mai baƙin bango, ya lasa yatsa, ya nemo kalmar ya karanta a hankali, sannan ya rufe ya ce, "Ƙarin gishiri ke nan, Uwata. Kambama zance." Ya ce su a ofis idan mutum ya rubuta rahoto ya cika shi da irin wannan, na sama da shi zai dawo masa da fayil ya ce ya sake. Takardar gwamnati, in ji shi, ba ta son ko ƙwayar gishiri ɗaya da ba a auna ba. Da ya kai wurin mangwaron sai ya yi dariya har ya cire tabarau, ya dubi ɗakin Gwaggo.

Ni kuwa daga ranar na zama ɗan sandan Gwaggo. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta sami kalma mai gaɓa biyar, ina za a zauna lafiya? Tana cikin ba da labarin wani biki ta ce mutanen Kano kaf sun hallara, sai in ɗago daga littafina in jefa mata kalmar. Ta ce kifin da aka kama a kogin Kaduna sai da ƙarti huɗu suka ɗauke shi, in sake jefa mata. Mama ta harare ni, ta ce in bar shiga maganar manya, amma kaina ya riga ya kumbura.

Wata rana Gwaggo ta ajiye tsinke ta ce, "Ke Uwata, wannan kalma taki mai tsawon igiyar guga, zagi ce?"

Na ce, "Ba zagi ba ce, Gwaggo. Cewa take kin ƙara."

"Yo in ban ƙara ba wa zai saurara? In na ce kifi ne dai kamar kowane kifi, wa zai ɗago kai?"

"Ai ba gaskiya ba ne."

"Wa na cuta? Akwai wadda ta tafi kasuwa neman ƙarti huɗu?"

Matar da ake yi wa kitso ta yi dariya har kalba ta kwance. Ni ban yi ba. Na ga dai tsohuwa ce da ba ta je makaranta ba, ba za ta gane ba.

Na yi shekaru masu yawa daga baya ina koyar da Turanci, kuma na koyar da wannan kalmar ga yaran da ban san adadinsu ba. Abin da na lura da shi, kalma ce da ake jifan wani da ita. Ba kasafai mutum ke ɗora ta a kan kansa ba, sai dai ya ce wane ya yi, ko ya rantse cewa shi bai yi ba. Sai da muka kai aji huɗu aka koya mana cewa tana da 'yar'uwa, hyperbole, wadda ita ma ƙarin gishirin ce, amma mai riga da hula. Idan mawaƙi ya ce hawayensa sun cika kogi, ita ce, kuma maki ake ba wanda ya gano ta a jarrabawa, don kowa ya san ba ruɗin kowa ake son yi ba, so ake a ji nauyin abin. Ranar da aka koya mana ita na zauna a aji raina a ɓace. Ashe abin da Gwaggo take yi yana da suna mai daraja a cikin littafin nan dai, ni aka fara ba ni ɗaya rabin. Amma a lokacin ta riga ta yi shekara uku a ƙasa.

Ga yadda abin ya faru. A farkon damina ta shekarar da nake aji ɗaya aka tura Baba kwas Ikko na wata shida. Kafin ya tafi ya zaunar da ni ya ce ni ce akawun gida. Mama tana karanta ajami amma ba ta rubuta boko, ƙannena kuma ƙanana ne. Ya ce duk wasiƙar da za a aika masa in rubuta ta da Turanci, don hannuna ya faɗa, kuma don idan wani abu ya taso ya sami takardar da zai nuna wa shugaban kwas ɗin. A can ba a barin mutum ya taho gida da baki kawai, sai ya nuna dalili a rubuce. Ya ba ni ambulan da kan sarki da takardun rubutu, na adana su a ƙasan akwatina. Ranar da zai hau jirgin ƙasa Gwaggo ta ce masa Ikko bayan duniya take, wanda ya je sai ya tsufa a hanya. Ya ce, "To Yaya, sai na dawo da sanda."

Wasiƙu biyu na farko ba su da wuya. Gaisuwa ce, da labarin akuya ta haihu, da rufin kicin da ke yoyo. Gwaggo ta ce in gaya masa akuyar ta haifi 'ya'ya kamar 'yan maruƙa, na rubuta ta haifi biyu, duka lafiya.

A wata na huɗu ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko ta ci gaba da kitso tana miƙe su a kan buhu, daga baya numfashi ya fara yi mata wuya idan ta sunkuya, ta sallami matan. Mama da wani maƙwabcinmu, abokin aikin Baba, suka kai ta asibiti, aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta rage gishiri a abinci. Ta dawo ta ce likitan yaro ne, jiya aka yaye shi. Ba ta iya kwanciya sosai, sai a jingine da matasai, barci kuma ya ƙaurace mata.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ta sa aka fito da ita gindin dalbejiya, ta ce in ɗauko takarda. Na zauna a gefen tabarma na ɗora takardar a kan littafin taswira. Mama tana tsince shinkafa a faifai kusa da mu.

"Rubuta," in ji ta. "Ki ce masa ina gaishe shi gaisuwa buhu dubu. Ki ce masa ciwo ya cinye ni, ban fi tsinken tsintsiya ba. Ƙafafuna kuwa kowace ta kai turmi. Ki ce kwana arba'in ke nan ban runtsa ba. Ki ce masa Akawu ya taho. Ya hau jirgin da zai tashi gobe, in ba haka ba ƙasa zai tarar a kaina."

Na riƙe biro ina kallonta. Na sha jin Gwaggo ta ce za ta mutu. Ta ce za ta mutu ranar da koko ya makara, ta ce za ta mutu ranar da ƙanina ya saka mata ƙadangare a kwando. Na dubi ƙafafun, sun kumbura, amma ina turmi ina su? Na ƙirga kwanakin da ta yi ba barci tun dawowa daga asibiti, tara ne. Sannan na tuna wannan takarda hannun shugaban kwas za ta iya kaiwa, Bature ko wani babban ɗan boko, ya karanta ƙafa kamar turmi ya yi wa Baba dariya, ya ce wace ce ta rubuta wannan. Na ga jan biro a gefen takardar tun ban rubuta ba.

Sai na rubuta abin da na ɗauka shi ne gaskiya. Na ce Gwaggo ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun ɗan kumbura, ba ta samun barci sosai. An kai ta asibiti, tana shan magani. Tana gaishe ka, kuma tana son ganinka idan ka gama. Na duba, babu kuskure ko ɗaya, kowace jimla a tsaye.

Gwaggo ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Duk maganar nan tawa ita ce ta shige cikin layi biyar?"

Na ce, "Turanci ba ya son dogon zance, Gwaggo."

"Kai, wannan yare da rowa yake. Kin dai sa ya taho?"

Na ce na sa. A raina ban ɗauka ƙarya na yi ba, ai na ce tana son ganinsa. Mama ta ji duk abin da Gwaggo ta faɗa, ta ɗauka shi ke cikin ambulan, don haka ba ta nemi a ƙara komai ba. Washegari kafin in wuce makaranta na biya gidan waya na Kawo na jefa ta a akwati.

Daga ranar Gwaggo ta shiga jira. Ta sa aka share ɗakin Baba, aka shanya katifarsa. Ta sa Mama ta daka kuka sabuwa, don ta ce a Ikko ganye kawai suke ci kamar awaki, zai dawo ba a gane shi. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai ta ce wa ƙanina ya leƙa. Ni na san ba mai zuwa, amma na gaya wa kaina ai sauran wata biyu ne ya gama, kuma Gwaggo ce, za ta miƙe ta ce mana ta leƙa lahira ta ga layi ya yi tsawo ta dawo.

Amsa ta zo bayan mako biyu, maƙwabcinmu ya kawo ta daga ofis. Na karanta a tsakar gida ina fassarawa. Baba ya ce ya ji Yaya ba ta jin daɗi, Allah ya ba ta lafiya, ta daure ta sha magani ta bar faɗa da likita. Ya ce jarrabawarsu ta matso, saura mako biyar ya dawo, kuma ya saya mata bargo mai laushi irin wanda ba ta taɓa gani ba.

Gwaggo ta saurara har na kai ƙarshe. Ta ce, "Ya ce yana tafe?"

"Ya ce sai an gama jarrabawa, Gwaggo."

"Ya ji saƙona?"

"Ya ji."

Ta dubi ƙafafunta. Na jira ta ce ta goya ƙato shekara ɗari ya watsar da ita, ta ce ko kare ya fi shi tausayi, irin abin da ta saba. Ba ta ce ba. Ta ce, "To." Sai ta nemi a mai da ita ɗaki.

Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Daga ranar gishiri ya ƙare a bakin Gwaggo. Matan kitso suka riƙa zuwa dubiya, a tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi. A kawo mata kunu, ta kurɓa sau biyu ta ce ya isa. Aka yi wani ruwa mai ƙarfi har katangar maƙwabta ta zube, na shiga da gudu na ce, "Gwaggo, kin ga ruwa?" ina so ta ce mini ba a taɓa yin irinsa ba. Ta ce, "An yi ruwa." Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Da a ce a lokacin za ta buɗe baki ta ce mini kifi ya haɗiye jirgin ƙasa, wallahi da na rantse na gani da idona.

Kwana uku ina juya abin a raina, na kasa gaya wa Mama. A na huɗu na ɗauko takarda a makaranta lokacin tara, na sake rubuta wa Baba wata wasiƙar. Ban tsaya gyaran jimla ba. Na ce Gwaggo tana jin jiki ƙwarai, ta daina ci, ta daina magana, ya taho yanzu. Na fita ba izini na kai gidan waya, na tambayi mai sayar da kan sarki kwana nawa take yi kafin ta isa Ikko. Ya ce in Allah ya so mako guda. Na tsaya ina kallon bakin akwatin kamar zan iya tura ta da ido.

Gwaggo ta rasu ranar Litinin da hantsi, kwana huɗu bayan haka. Ina makaranta aka zo aka kira ni. Kafin azahar maza sun ɗauke ta, maƙwabcinmu ne ya tsaya a madadin Baba, shi ne kuma ya je ya buga masa tangaraho. Baba ya iso ranar sadakar uku, da rana tsaka, da akwatinsa a hannu ɗaya da ƙunshin takarda mai ruwan ƙasa a ɗaya hannun. Ya gaisa da mutanen da ke zaure, ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Ya ajiye ƙunshin a kan gadonta ya fito. Wasiƙata ta ƙarshe ba ta same shi ba, sun yi saɓani a hanya.

Ban iya haɗa ido da shi ba har aka yi bakwai. Bayan baƙi sun watse, wata rana da yamma, ya kira ni falonsa. Yana zaune a kujerarsa, wasiƙar nan mai layi biyar a buɗe a kan gwiwarsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Ya nuna mini tabarma na zauna.

"Uwata, wannan takarda, haka Yaya ta faɗa?"

Na ce a'a.

"Na yi ta mamaki," in ji shi. "Ban gane ba sai a jirgi, ina ta karanta ta."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce tun yana yaro yake da ma'auninsa na maganar Yaya. Duk abin da ta faɗa yakan raba shi goma ya ɗauki ɗaya, kuma bai taɓa ɓata ba. Idan ta ce mutum ɗari, goma ne. Idan ta ce ciwo zai kashe ta, mura ce. Da ya buɗe takardata ya ga an ce ƙafa ta ɗan kumbura, ya ɗauka bakin Yaya ne na juya zuwa Turanci, sai ya raba kamar kullum. Ya ce, "Na raba ɗan kumburi gida goma, Uwata. Me ya rage? Na ce ƙila ƙaya ta taka."

Ni ban san da wannan ma'auni ba. Shekara da shekaru ina ganinsa yana gyaɗa mata kai, na ɗauka haƙuri kawai yake yi da ita. Ashe su biyun sun daɗe da daidaita mudunsu, ita ta cika ya yi tozo, shi ya shafe, abin ya zo daidai. Ni na shiga tsakani na shafe tun kafin ya isa hannunsa. Na fara kuka, na ce na ji tsoron shugaban kwas ne, na ce Malama ta ce, na ce ai shi ma ya ce takardar gwamnati ba ta son gishiri. Ya bar ni na gama. Bai daka mini tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Na faɗa. Share hawayenki. Gaya mini abin da ta ce, yadda ta faɗe shi. Kada ki gyara."

Ban manta ko kalma ɗaya ba. Na fara da gaisuwa buhu dubu, ya ɗan yi murmushi. Na ce ba ta fi tsinken tsintsiya ba, ƙafa kowace ta kai turmi. Ya ce, "Turmi," a hankali, yana gyaɗa kai. Na ce kwana arba'in ba ta runtsa ba.

"Kwana huɗu ke nan," in ji shi, don bakinsa ya saba.

Na ce, "Tara ne, Baba. Na ƙirga."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ashe wannan karon ragewa ta yi. A ma'aunina, da casa'in za ta ce."

Na so in tsaya a nan, amma ya ce in ci gaba. Na ce ta ce Akawu ya taho, ya hau jirgin da zai tashi gobe, in ba haka ba ƙasa zai tarar a kanta.

Tabarau ɗin ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan tabarma, bai ɗauka ba.

"In taho ta ce?"

"E, Baba."

"Da bakinta? Ba Mamanku ce ta ce a sa ba?"

"Da bakinta. Har ta sake tambayata ko na sa."

Ya ce, kamar ba da ni yake ba, ya yi makarantar kwana shekara biyar, ya yi aiki a garuruwa uku kafin Kaduna, Yaya kuwa ta yi ciwo iri-iri, an yi mata rasuwar miji yana nesa. Ta aiko masa da labarin duniya duka, kowane da gishirinsa. Amma ba ta taɓa ce masa ya taho ba, ko sau ɗaya. Kullum cewa take ya zauna ya yi abin da ya kai shi.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya miƙe ya zura takalmansa, ko hula bai ɗauka ba, ya fita. Na bi shi har bakin zaure. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta tambaye ni ina ya nufa ga abinci ya kusa. Na ce ban sani ba. Amma na ga hanyar da ya bi, ta maƙabarta ce, kuma sauri yake yi.